FILIN MASU MOTA: Ruwan da ke wanke mota, shi ne kuma ke cinye fentinta

A wannan mako za mu duba wata ɓarna da ke aukuwa kowace safiya a ƙofar gidajenmu, wadda mai gida da kansa yake biyan kuɗin yinta. Duk wanda ya mallaki mota a Tawa, ko Maraɗi, ko Damagaram, ya san waɗannan fararen ɗigo-ɗigo masu kama da zobe da ke fitowa bisa kapo da rufi da gilashi bayan an gama wanki. Mutane da yawa suna zaton ƙura ce, su sa yaro ya sake wankewa. Tabon kuwa daga cikin ruwan wankin ya fito, saboda haka kowane sabon wanki ƙari yake yi masa.

Maganar ba ta ado ce kaɗai ba. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu 1994, mota ta zama dukiyar da iyali ke daɗewa suna tarin kuɗinta, kuma rufe iyakar Benin a 2023 ya tsawaita hanyar kawo motocin da aka saba saukewa a Kwatano. Ga ɗan kasuwa, mota jari ce da zai sayar wata rana. Ga ma'aikaci, sau da yawa bashi ce da ake cira daga albashi. Mai saye kuma da ido yake fara ciniki: kafin ya buɗe inji ya riga ya dubi fenti, ya riga ya yanke abin da zai taya.

Ruwan da ya daɗe cikin ƙasa yana narkar da wani abu daga duwatsun da ya ratsa, musamman sinadarai biyu, kalsiyom da magneziyom, waɗanda su ne jikin farar ƙasa. Faransawa suna kiran abin kalker. Ido ba ya ganinsa cikin ruwa. Amma idan ɗigon ruwa ya bushe, ruwan ne ke tashi, farar ƙasar ta zauna inda take. Ita ce ke daskarewa a gindin tukunyar dafa ruwan shayi, ita ce ke toshe bakin famfo, ita ce ke hana sabuni kumfa. Ruwan wurare ba ɗaya ba ne. Ƙasar Adar tana bisa dutsen farar ƙasa, shi ya sa ma aka kafa masana'antar siminti a Malbaza tun shekarun 1960. A dallolin Boso da na Foga, ƙasa ce mai kanwa da gishiri, ruwan wasu rijiyoyin yana da zartsi. Ruwan kogin Kwara da Yamai ke sha ya fi sauƙi ta wannan fuska, ko da yake mai wanki da ruwan foraji a bayan gari yana iya gamuwa da matsalar.

Masana suna auna wannan da abin da ake kira digiri na Faransa. Digiri 1 daidai yake da miligiram 10 na farar ƙasa cikin lita 1. Ruwan da bai kai digiri 15 ba mai sauƙi ne, wanda ya haura 30 kuwa mai nauyi ne. Mu yi lissafi irin na kasuwa. Ruwa mai digiri 30 yana ɗauke da miligiram 300 a kowace lita. A ƙaddara rabin lita ne ke bushewa a jikin mota a kowane wanki, miligiram 150 ke nan. Idan mai gadi yana wanke ta sau 300 a shekara, an shafa mata giram 45 na farar ƙasa, an kuma bar rana ta gasa shi.

Gashin rana shi ne ke mai da ƙaramin abu babba. Fentin motocin da ake ƙerawa tun shekarun 1980 hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kare ƙarfe daga tsatsa, akwai mai launi, sannan a sama akwai wani garai-garai marar launi, wanda masu fenti ke kira berni. Shi ne ke ba da sheƙi, shi ne kuma ke tare zafin hasken rana. Kaurinsa bai cika wuce mikron 40 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin gashin kai guda ba. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, rufin baƙar mota da aka bari a rana yana iya haura digiri 70. A wannan zafi berni yana yin laushi, tabon ya nutse cikinsa ya bar gurbi. Da farko datti ne da ke zaune bisa fenti. Bayan makonni ya zama rauni a jikin fentin kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: inda berni ya mutu, launi zai koɗe, ya fara ɓarewa, daga nan tsatsa ta sami hanya.

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan rigakafin ba ya cin kuɗi. Abu na farko, kada a wanke mota a rana, kada a wanke ta jikinta da zafi. A yi wanki da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa. Idan tafin hannu bai iya zama bisa kapo ba, lokaci bai yi ba. Na biyu, a fara kwarara ruwa ya tafi da ƙura kafin soso ya taɓa fenti. Ƙurar hunturu tana da rairayi wanda ya fi berni tauri nesa ba kusa ba, saboda haka goge mota da busasshen tsumma daidai yake da gurza ta da takardar yashi. Na uku, a ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabuni, ɗaya na ɗauraye soso, domin kada yashin da aka kwaso ya koma jikin mota. Wannan hanya ta fi sakin tiyo tsimin ruwa, abin da mutanen Damagaram ba su bukatar a yi musu bayaninsa. Na huɗu, wanda ya fi duka, a wanke mota gefe-gefe daga sama zuwa ƙasa, a tsane ruwan nan take da tsumma mai laushi irin na mikrofiba kafin iska ta busar da shi. Ruwan da tsumma ya sha ya tafi da farar ƙasarsa.

Wanda ya sami hali ya yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan da ba shi da farar ƙasa. Ruwan sama da aka tara bayan rufi ya wanku yana yi. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki a biro ko a gida shi ma yana yi, sai dai da damina ne yake yawa, da rani iska ta bushe ba a samun abin kirki, kuma ba na sha ba ne. Lita 5 zuwa 10 sun isa ƙaramar mota. A kuma bar garin sabunin wankin tufafi ga tufafi: yana da sinadari irin na kanwa, yana kwashe kakin da ke kare fenti, yana barin nasa farin tabon.

Idan tabo ya riga ya zauna, a gauraya binegar fara, irin ta salati, da ruwa mai tsabta, rabi da rabi. A wanke wurin tukuna, a jiƙa tsumma a ɗora bisa tabon minti ɗaya ko biyu a inuwa, a goge a hankali, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a tsane. Tsamin binegar yana narkar da farar ƙasa. A fara gwadawa a wani lungu da ba a gani. Idan an yi sau biyu zoben yana nan, to ya riga ya ci berni, sai aikin mai fenti, wanda zai goge da man foli ya rage saman kaɗan har gurbin ya ɓace. Kowace guga tana cin wani abu daga waɗancan mikron 40, don haka ba aikin kowane wata ba ne. Muna kuma jan kunne da babbar murya: kada a kusanci mota da ruwan batir ko asid ɗin wanke tayil da bayan gida. Suna cire tabo, su tafi da fenti da fatar hannun mai wanki.

Bayan tsabta sai kariya. Kakin mota, wanda mafi shahararsa ake samu daga ganyen wani icce mai kama da giginya na ƙasar Brazil, ana kiransa karnoba, yana shiga tsakanin ruwa da berni, tabo ya zauna bisa kaki maimakon fenti. A zafin ƙasarmu ba ya daɗewa. A sabunta shi kowane wata biyu ko uku, da kuma bayan an yi aiki da binegar, domin tana cire shi. Akwai sabon shafi da ake kira seramik, wanda ke yin shekaru idan an shafa shi da kyau, amma kada a ruɗe ku: shi ma yana yin tabo idan aka bar ruwa mai nauyi ya bushe a kansa. Rumfa ta fi inuwar icce, saboda kashin tsuntsu da na jemage suna cin berni da sauri fiye da ruwa. Da an gani a jiƙa a ɗauke a ranar. Ruwan nan da ke ɓata fenti yana daskarewa cikin radiyato ya hana inji hucewa, yana kuma rage kwanan batir. Radiyato a ba shi ruwansa na musamman, batir mai buɗewa kuma a ba shi tataccen ruwa kaɗai.

Sauran magana tana ga masu gida da shugabannin ma'aikatu. Yaron da ke wanke motoci goma kafin ƙarfe takwas ba zai tsaya tsane ko ɗaya ba, kuma laifin ba nasa ba ne. Abin da aka biya shi ya yi, abin da aka ba shi ya yi aiki da shi. A saya masa bokiti na biyu da tsummoki masu kyau, a nuna masa dalili, a ƙara masa wani abu don tsanewa. Wanki biyu masu kyau a mako sun fi bakwai na gaggawa. Araha ba ta ado, kuma kuɗin tsumma bai kai ko ƙura ba idan aka gwada da kuɗin sake fentin kapo guda. Motar ma'aikata ita ma tana da wannan hakki, tunda da harajin kowa aka saye ta.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya tsare hanya.