Filin Direba da Bakanike: Mai Ko Giris A Gwiwar Ƙafar Gaba?

Wani mai karatu ya rubuto mana daga tsaunin Mambila, inda har yanzu tsofaffin Land Rover ke ɗaukar mutane da kaya. Ya ce ƙafar motarsa ta gaba tana yoyon mai, bakanike kuwa ya ce a daina zuba mai, a cusa giris kowa ya huta. Shin ya yarda?

To, bari mu fara da abin da ke wurin. Motoci da dama masu ja da ƙafa huɗu masu dunƙulallen aksul a gaba, suna da wani ƙoƙon ƙarfe kamar ƙwarya bayan kowace taya. Cikinsa ne mahaɗin da ke kai wa taya ƙarfin inji yake, sama da ƙasa kuma akwai abin da ƙafar ke juyawa a kai in an murɗa sitiyari. In wurin ya bushe, sitiyari ya yi tauri, mahaɗin ya cinye, wata rana ya karye maka a tsakiyar daji.

Tsohuwar Land Rover, irin Series III da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, man giya mai lamba 90 aka yi ta da shi, wajen rabin lita kowane gefe. Dalili kuwa shi ne, bushin da ke sama ba ya samun mai sai wanda mahaɗin ya fantsama masa yana juyawa. Sa'an nan mai ba ya ɓoye ciwo. Ka ƙetare rafi da damina ruwa ya shiga, kana kwance notin ƙasa za ka ga ya fito fari-fari kamar kunu, ka zubar ka sake sabo. Aibinsa ɗaya, da tsatsa ta ci ƙoƙon ko robar da ke tare shi ta gaji, sai yoyo. Man nan kuwa in ya kai ga birki, lalle rai ne a hannun Allah.

Saboda yoyon nan ne kamfanin Land Rover ya fito da wani giris mai ruwa-ruwa a shekarun 1990, domin motoci irin su Defender da Discovery. Amma a lura, ba irin mai kauri da ake shafa wa boris ba ne. Shi mai kaurin, mahaɗin yana juyawa sai ya watsar da shi jikin bango ya manne, ƙarfe ya riƙa cin ɗan'uwansa, mai mota na can yana murna yoyo ya tsaya. Mai ruwa-ruwa yakan gangaro ya koma inda ake bukatarsa.

Ita Toyota Land Cruiser dabam take. Giris mai baƙi-baƙi da ake kira moli aka yi gwiwarta da shi. In ka ga tana zubar da abu mai ruwa, yawanci man aksul ne ya ɓalle ta robar ciki ya narkar da giris ɗin, watau robar ce za a canja.

Saboda haka amsarmu ga malamin nan ita ce, kada ya yarda. Ya sayi sabuwar roba, in ƙoƙon ya yi ramuka ya canja shi, ya koma wa mansa. In kuwa hali bai yi ba tukuna, mai ruwa-ruwan ya fi a bar wurin a bushe. Araha dai ba ta ado, wanda ya toshe yoyo da giris mai kauri ya rufe ciwo ne bai warkar ba.

Sai mako mai zuwa. Allah ya kiyaye hanya, amin.