Fatar da 'yan gudun hijira ke ɗinkawa, daga ina za ta fito?

'Yan'uwa makiyaya da 'yan tireda na kasuwar dabbobi, tun shekarar 2012 da rikici ya ɓarke a arewacin Mali, dubban Buzaye da Fulani suka tsallako Nijar da Burkina Faso. Da yawansu irinmu ne, masu bin bayan garke. Wasu sun iso da 'yan awaki, wasu ko sanda ba su tsira da ita ba.

A 2018 hukumar HCR ta buɗe shirin MADE51, mai kai kayan hannun 'yan gudun hijira kasuwannin Turai da Amurka. A ciki har da aikin fata da ƙirar Buzayen Mali. Mun yaba. Macen da ke ɗinka alabe ko saƙa faifai tana samun na gero ba tare da ta tsaya layin rabo ba, kuma 'yarta na zaune gefe tana koyo. Da matan gari da baƙi suka zauna kan tabarma ɗaya suna aiki, zargin juna yana raguwa, wannan mun sani tun daga rijiya.

Amma dukanci ba ya tsayuwa shi kaɗai. Sai an yanka akuya, a jeme fata da bagaruwa, a rina, kana baduku ya sa wuƙa. Wanda aka raba da garkensa an raba shi da tushen sana'ar. Shi ya sa muka fi ganin hikimar abin da aka yi a Intikan, cikin jihar Tawa, a 2013, inda aka bar 'yan gudun hijira su zauna da dabbobinsu a fili maimakon a cushe su cikin sansani. Bature mai sayen jaka yau yana so, gobe ya sauya ra'ayi. Makiyayi kuwa kullum yana buƙatar igiya, salka da takalmi.

Mu ma akwai namu. Fatun layya nawa ne ke ruɓewa a bayan gari kowace shekara, alhali fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje? Muna kira ga rassan ƙungiya su tara fatu, a sa musu gishiri, a sayar wa waɗannan mata a farashin da ba cuta. Masu shirin kuma su nema musu rumfa a kasuwar Abalak da taron gishiri na Ingal, su kuma sa awakin kiwo cikin abin da suke bayarwa.