Malamin Yaƙi Da Jahilci Da Wayar Da Ta Iya Magana

Duk lokacin da aka tayar da zancen ƙirƙirarriyar basira a makarantar nan, kanmu kawai muke kallo. 'Yan sashen akanta na fargabar manhaja ta ƙwace musu lissafi, masu koyon aikin ofis na cewa ta riga ta iya rubuta wasiƙa, sauranmu kuma muna ta dabarar yadda za mu sa ChatGPT ya yi mana asaimen ba tare da malam ya gane ba. Akwai wani ma'aikaci da ban taɓa jin an ambata ba a cikin wannan hayaniya, alhali kujerarsa ta fi ta kowa rawa. Shi ne malamin yaƙi da jahilci, mai koya wa manya karatu.

Kusan kowace unguwa akwai irinsa. Bayan la'asar ko bayan isha'i yake shiga ajin firamare da aka ara, ko zauren mai unguwa. Sau da yawa malamin firamare ne mai neman ƙarin na cefane, ko wata mai NCE, ko irinmu da ya gama difuloma aiki bai samu ba. Alawus ake ba shi, babu fansho babu ƙarin girma, kuma a wurare da yawa kuɗin bai kama ƙafar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 ba. Shi ma ɗin sai an ga dama.

Aikin nan fa yana da asali. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi gangamin Yaƙi da Jahilci, mutane irin su Malam Ahmadu Coomassie suka ja ragama, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai da jaridar Jakadiya domin sababbin masu karatu. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, har UNESCO ta yaba mata. A 1990 aka kafa ta tarayya, wato NMEC. To me ya riƙa kawo magidanci mai shekara hamsin ya zauna a bencin yara? Sirri. Ya gaji da kiran ɗan maƙwabci ya karanta masa wasiƙar ɗansa da ke Legas, washegari duk unguwa ta san nawa aka aiko. Ya gaji da dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba.

Wannan dalilin ne waya ke cinyewa a hankali. Saƙon murya na WhatsApp ya fara rage shi tun kafin a san wata AI. Gwaggona ta yi wata huɗu tana zuwa aji, har ta iya rubuta sunanta da na 'ya'yanta. Da aka saya mata babbar waya sai ta ce, "Yanzu kuma wahalar me zan sha? Ai danna wa nake na yi magana." Google Translate ya saka Hausa tun 2013. A 2024 Meta AI ya shigo cikin WhatsApp ɗin 'yan Najeriya. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da N-ATLAS, manhajar da aka gina don ta ji Hausa da Yarabanci da Ibo. Inda aka dosa a bayyane yake: ka ɗauki hoton takarda, waya ta fassara ta karanta maka. Idan ɗalibai suka ragu a aji, mai kula da cibiya ya zo zagaye ya ga mutum shida, sunan malamin ne zai fara fita daga takardar biya.

Amma abin da ya fi damuna yana ofis. Jami'in da ya daɗe yana neman hanyar daina biyan alawus yanzu ya samu hujja mai kyan gani. Sayen kwamfutocin hannu kwangila ce, ana yanka kyalle, ana ɗaukar hoto, jarida ta buga. Biyan malamai dubu kowane wata babu hoto a cikinsa. Za ku ji ana kafa misali da gwajin da Bankin Duniya ya yi a jihar Edo a 2024, inda ɗalibai suka yi mako shida suna koyon Turanci da manhajar Copilot, kuma sakamakon ya yi kyau ƙwarai. Gaskiya ne. Sai dai waɗannan yaran sakandare ne da suka riga suka iya karatu, a ɗakin kwamfuta, kuma malamansu na tsaye a kansu suna nuna musu yadda za su yi tambaya da yadda za su gane idan manhajar ta yi shirme. Ina haɗin wannan da mai sayar da itace da bai taɓa riƙe fensir ba? Ko lokacin da aka kawo shirin koyar da karatu ta rediyo, sai da aka ajiye malamai masu tara ɗalibai su duba abin da suka rubuta.

Wanda bai taɓa leƙa ajin manya ba yana zaton aikin shi ne a, ba, ca, da. Wannan ai shi ne mai sauƙin. Malamar ce ke zuwa ta roƙi maigida ya bar matarsa ta fito. Ita ce ke bin ɗaliba gida idan ta yi fashin mako biyu, ta tarar ashe yaro ne ba lafiya. Malamin ne ya san cewa idan ya gyara wa dattijo kuskure a gaban sa'an ɗansa, ba zai sake ganinsa ba. Kuma ya san da yawa cikin waɗanda takardun gwamnati ke kira jahilai sun sauke Alƙur'ani, suna rubuta ajami, don haka daga nan yake ɗora su. Ita kuwa manhajar, har yau tana rikita kafa da ƙafa, da bari da ɓari, wani lokacin ta zubo Hausar da kana ji ka san da Turanci aka yi tunaninta. Ni da kai za mu gane mu yi dariya. Mai koyo haddacewa zai yi.

Ba ina cewa malamai su guje ta ba. Tsohuwar matsalar ajin manya ita ce rashin abin karantawa da ya dace da su, sai a miƙa wa kaka littafin 'yan aji ɗaya. Yau malami zai iya sa manhaja ta tsara masa gajeren labari kan farashin taki ko lissafin adashi, ya gyara Hausar da kansa, ya rubuta a allo. Amma da wayar wa, da datar wa, a kuma caja a ina? Daga alawus ɗin da ba a biya ba?

Kuma aikin nasa ƙaruwa ma ya yi. Wanda bai iya karatu ba ya dogara da muryar waya kamar yadda ya dogara da ɗan maƙwabci a da, bambancin kawai shi ne ɗan maƙwabci idan ya yi ƙarya ana iya kai ƙararsa wurin ubansa. Yanzu ana kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, ana haɗa bidiyon babban malami ko attajiri yana tallar abin da bai san da shi ba. Ga alat na bogi, ga masu kira su nemi lambar BVN, ga manhajojin bashi masu sharuɗɗan da ba wanda ke karantawa. Mai shago da zai iya duba rasit ɗin POS da idonsa ya tabbatar sifili nawa ne, ya tsira daga abin da wayar ba za ta tsare masa ba. Wannan darasi ya kamata ya shiga manhajar karatun manya, a horar da malaman a kai, a biya su.

Mu ma muna da hannu a ciki. Duk shekara 'yan sashen kwamfuta na gabatar da furojet na manhajar koyarwa, kuma ina shakkar ko akwai wanda ya zauna da malamin manya ko na awa ɗaya kafin ya fara babi na farko. Masu HND idan sun tafi bautar ƙasa, akwai rukunin yaƙi da jahilci cikin ayyukan raya al'umma na NYSC, amma yawanci don sa hannu a rajista ake shiga. Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta nemi ofishin ilimin manya na ƙaramar hukumar da muke ciki, a gayyato malamansu ranar Asabar ɗaya a wata zuwa ɗakin kwamfutarmu, wanda dama a kulle yake kwana ranar. Mu nuna musu yadda ake sarrafa manhajar, su kuma su nuna mana inda take ɓata Hausa. Kuɗin motarsu kada ya fito daga aljihunsu, a cire shi daga abin da aka ware wa bikin makon ɗalibai.