Furen da Ba Ya Fitowa Sai Ya Sha Sanyi

A ƙasar Holan, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da itatuwa ke zubar da ganye kuma yini ke gajarta, ma'aikatan lambun Keukenhof da ke garin Lisse sukan durƙusa su binne kawunan furanni kusan miliyan 7 da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ba mai zuwa kallonsu. Sai a ƙarshen Maris ake buɗe lambun na kimanin makonni 8, baƙi su yi ta tururuwa daga ko'ina a duniya.

Mafi shahara cikin furannin shi ne tulif, wanda asalinsa duwatsun tsakiyar Asiya ne, ya shiga Turai ta hannun Turkawa. Kansa tamkar na albasa yake. Ana binne shi tsininsa na kallon sama, a rami mai zurfin tsayinsa sau uku. Tun kafin a binne shi furen ya riga ya ƙullu a ciki, ɗan ƙanƙani, kewaye da abincinsa. Amma ba zai miƙe ba sai ya yi makonni 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai haura digiri 9 ba. A wannan tsakanin yake kafa saiwa, sitacin da ya tara ya rikiɗe zuwa sukarin da zai ɗaga kara. Wanda ya jira iska ta yi ɗumi kafin ya shuka, ganye zai samu, ko wani gajeren fure abin tausayi.

Mutanen Holan ma sun taɓa ƙosawa da jira. Sun riƙa cinikin takardun kawunan da ke ƙarƙashin ƙasa, farashi na ta hauhawa, har kasuwar ta ruguje a Fabrairun 1637. Manoman da suka ci gaba da binnewa ne suka mayar da ƙasar babbar mai fitar da kawunan furanni a duniya.

Abin da ya sa na kawo wannan batu shi ne, a cikin waɗannan watanni ne gwamnoninmu ke gabatar wa majalisu kasafin kuɗi. Ɗalibin da ke zama gabana a jami'a yau, shekaru 12 da suka wuce aka shuka shi a aji ɗaya na firamare. In bai samu malamin da ya iya koya masa karatu a lokacin ba, duk laccar da zan yi ban ruwa ce ga shukar da ta makara. Wa'adin gwamna shekara 4 ne. Gadar sama ana yanke mata ƙyalle kafin zaɓe, amma horar da malamin firamare, wani gwamnan ne zai ga furensa.

Don haka, mai karatu, in kasafin jiharka ya fito, nemi abin da aka ware wa firamare da kwalejojin ilimi, ka kuma tambayi ɗan majalisarka nawa aka saki daga na bara. Da sanyin safiya ake kama fara.