Makunnin Batir Da Makatsin Wuta A Jirgin Ruwa

Idan batirin mota ya mutu a hanyar Zariya, abin da sauƙi: direba ya sauko, ya roƙi samari huɗu su tura masa. To, amma wa zai tura jirgi a tsakiyar tafkin Kainji, ko a mahaɗar Kwara da Binuwai a Lakwaja, ga hadari ya haɗo, ga magariba ta kawo kai? Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ɗora wa jirgi mai inji batir biyu. Ɗaya aikinsa ta da inji kurum, ɗayan kuwa shi ke riƙe da fitilu da rediyo da famfon kwashe ruwa.

Tsakanin batiran nan akwai wani makunni da ake murɗawa, mai matsayi huɗu: batir na 1, batir na 2, duka biyu, sai kuma kashewa. Matuƙi da yawa sukan ajiye shi a kan duka biyu su mance da shi, suna ganin ƙarfi ya ninka. Alhali kuwa da zarar an kashe inji, fitilu suna ci, batiran biyu tare za su zuƙe. Wannan matsayi na gaggawa ne, watau ranar da batir ɗaya ya kasa juya inji shi kaɗai, ko kuwa lokacin da inji ke aiki ana son a yi musu caji tare. In an ɗaure jirgi za a kwana, sai a mai da makunni kan batirin fitilu, a bar na inji ya huta.

Kuskuren da ya fi wannan tsada shi ne murɗa makunni zuwa kashewa alhali inji yana gudu. Altaneta, watau na'urar da ke yi wa batir caji, tana cikin tura wuta sai ta iske an rufe mata ƙofa. Nan take ƙarfin wutar ya yi tsalle ya ƙone mata ciki. Abin takaicin ma shi ne sau da yawa injin ba ya tsayawa, saboda haka matuƙi ba zai san ɓarnar da ya yi ba sai batir ya yi sanyi.

Makatsin wuta kuwa aikinsa daban ne, kuma a nan ne jama'a suka fi ruɗewa. Ba rediyo ko fitila yake gadi ba, wayar da ke kai musu wuta yake gadi. Batir mai bolt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi, amma idan fatar waya ta goge ta taɓa ƙarfen inji, ɗaruruwan amfiya za su bi ta, ta yi ja wur, ta kunna wa jirgi wuta. A yawancin makatsai akwai wani siririn ƙarfe a ciki, wanda in wuta ta yi yawa sai ya yi zafi ya lanƙwashe, ya yanke hanya. Bambancinsa da fis shi ne fis narkewa yake yi sai an sake sabo, shi kuwa mai da shi ake yi.

Saboda haka gwargwadon kaurin waya ake zaɓen makatsi. Wanda ya ga nasa mai amfiya 10 yana yawan faɗuwa, ya cire ya sa mai 30, bai gyara komai ba, korar mai gadi ya yi. Haka ma mai naɗa zaren tagulla a gurbin fis, al'adar da wasu masu gyara suka ƙi bari. In makatsi ya faɗi, a mai da shi sau ɗaya. In ya sake, sai a bi waya a nemo inda ta goge, ko inda tsatsa ta ci bakinta, musamman a ruwan gishiri irin na Ikko.

Majalisar da ke tsara ƙa'idodin ƙananan jiragen ruwa a Amurka, wadda aka kafa a 1954, ta ce a sa fis ko makatsi kada ya wuce inci 7 daga batir, domin duk wayar da ke gabaninsa ba ta da mai tsaro. Wayar sitata ce aka ɗauke wa wannan sharaɗi.

Famfon kwashe ruwa mai tashi da kansa kuwa ba a bi da shi ta makunni. Kai tsaye ake haɗa shi da batir, da fis nasa na kansa, domin ko mai jirgi ya kashe komai ya tafi gida, in ruwan sama ya sauko cikin dare, famfo zai tashi.