Filayen jirgin sama na jihohi: ta ina matafiyi zai bi ya kai gare su?

Ƙasar Nijar ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267. Daga Yamai zuwa Maraɗi ta hanyar mota akwai kimanin kilomita 660, zuwa Damagaram kusan 900, zuwa Difa fiye da 1,300. Wanda ya hau bas a Yamai da asuba yana nufin Damagaram, ba ya sauka sai dare ya yi. Jirgin sama kuwa, ko da ƙarami ne mai farfela, yana cinye wannan tazara cikin awa 2 ko ƙasa da haka, gama ta sama tsakanin biranen biyu bai wuce kilomita 750 ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa tun zamanin samun mulkin kai hukumomi ba su daina zuba dukiya a filayen jirgin sama na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa ba.

Amma tafiya ba a cikin jirgi take farawa ba. A ƙofar gida take farawa, a ƙofar wani gida kuma take ƙarewa. Lissafin da ya dace a yi shi ne na tafiyar duka: sa'o'i nawa ne, kuma kuɗi nawa ne, tun daga lokacin da mutum ya fita daga garinsu har ya isa wurin da ya nufa.

Abin da aka gina

Ba a yi zaman banza ba a wannan fanni. Nijar tana cikin ƙungiyar ASECNA mai kula da lafiyar zirga-zirgar jiragen sama, wadda aka kafa a 1959, kuma makarantarta ta koyar da ilimin yanayi da aikin jirgin sama, EAMAC, a Yamai take tun 1963. Nijar tana cikin ƙasashen da suka kafa kamfanin Air Afrique a 1961, wanda ya durƙushe a 2002. An yi kamfanin Air Niger mai jigilar cikin gida, shi ma bai ga ƙarshen ƙarnin da ya wuce ba. A 2014 kamfanin Niger Airlines ya fara jigila tsakanin Yamai da jihohi da jirage samfurin Fokker 50 masu ɗaukar mutum 50.

Ta fuskar gine-gine, bikin 18 ga watan Disamba da aka riƙa kewayawa da shi jiha-jiha ya kawo manyan ayyuka: Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Gyaran filayen jirgi yana cikin ayyukan da aka yi wa waɗannan birane. A 2019 kuma, gab da taron shugabannin Tarayyar Afirka, kamfanin Summa na ƙasar Turkiyya ya sabunta filin jirgin Diori Hamani na Yamai bisa yarjejeniyar riƙe shi shekara 30, aka kuma shimfiɗa babban titi na kimanin kilomita 10 daga filin zuwa tsakiyar birni.

Ke nan a Yamai an yi tunanin filin da hanyarsa tare. A jihohi kuwa, hanyar matafiyi ba kilomita 10 ba ce.

Inda jama'a suke

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutum miliyan 17 da ƴan kai a ƙasa baki ɗaya. Jihar Damagaram tana da miliyan 3 da rabi, Maraɗi miliyan 3 da dubu 400, Tawa miliyan 3 da dubu 300. Wato cikin kowane mutum 10 na ƙasar, 6 a waɗannan jihohi uku suke. Sai dai mafi yawansu ba a babban birnin jiha suke zaune ba. Suna cikin gundumomi da karkara: Magariya kimanin kilomita 95 daga Damagaram, Tanut kimanin 145, Gure kimanin 165, Dakwaro da Tasawa kowace fiye da kilomita 100 daga Maraɗi, Ƙonni da Abalak kowace kimanin 130 daga Tawa.

Filayen jirgin Maraɗi da Damagaram da Tawa duk a bakin gari suke. Ga mazaunin birni, tafiyar mintoci kaɗan ce a takisi ko adaidaita ko kabu-kabu. Ga mutumin gunduma kuwa, filin jirgi yana ƙarshen wata tafiya ce ta daban, mai nata wahala da nata kuɗi.

Lissafi iri biyu

A ɗauki ɗan kasuwa mazaunin Magariya da ke da buƙata a Yamai. Motar tasha ba ta tashi sai ta cika, saboda haka ba ya iya cewa ƙarfe kaza zai isa Damagaram. Jirgi kuwa yana buƙatar matafiyi ya hallara awa 1 ko 2 kafin tashi. Idan jirgin na safe ne, dole ya kwana a Damagaram, ya ƙara kuɗin masauki da na abinci a kan kuɗin tikiti. Duk da haka, in akwai jirgi a ranar da yake so, ya ci riba, domin awa 2 a sama ta fi yini guda a mota. Amma a ce jirgin sau 2 yake zuwa a mako. Wanda buƙata ta taso masa washegarin tashin jirgi sai ya jira kwana 3, alhali bas na tashi kullum. Kafin jirgi ya dawo, mai bas ya je Yamai ya gama harkarsa ya kamo hanyar gida.

A ɗauki kuma mutumin Ƙonni. Tsakaninsa da Yamai kimanin kilomita 420 ne a kan babbar hanya ta ɗaya, wadda ake kira hanyar Haɗin Kai, tafiyar awa 6 ko 7. In ya zaɓi jirgi, sai ya yi arewa awa 2 zuwa Tawa, ya jira awa 2, ya yi awa 1 a sama, ya ƙara wata kafin ya karɓi kaya ya shiga gari. Lokacin ɗaya ne, kuɗin kuwa ya ninka sau da yawa. Wannan mutum ba zai hau jirgi ba, kuma ba shi da laifi. Mazaunin birnin Tawa kuwa lissafinsa daban ne: hanyar mota tana gangarowa kudu ta wajen Ƙonni kafin ta juya yamma, ta kai kimanin kilomita 550, alhali ta sama ba ta kai 400 ba.

Abin da waɗannan misalai suke koyarwa shi ne, yawan jama'ar jiha ba shi ne yawan fasinjan filin jirginta ba. Abu uku ne ke ƙayyade fasinja: nisan mutum da filin, tabbacin ranar tashin jirgi, da kuma abin da ke aljihunsa.

Matsala mai haifar da ƴar'uwarta

Inda jirgi ba ya zuwa kullum, mai takisi ba ya ɓata yininsa a ƙofar filin. Wanda ya zo kuwa ya san zai koma ba kowa, saboda haka sai ya ɗora kuɗin zuwa da dawowa a kan fasinja ɗaya. Baƙon da ya sauka bai san farashi ba, ba shi da zaɓi, sai ya biya. Ma'aikacin hukuma da na ƙungiyoyin agaji motar ofis ce ke jiransu, attajiri kuma direbansa. Ragowar mutane su ne ke jan jaka zuwa bakin titi. Wanda ya sha wannan sau ɗaya, gobe bas zai nema. Fasinja in sun ragu, kamfani ya rage zuwa. Zuwa in ya ragu, masu mota su ƙara ƙaurace wa filin.

Kamfanonin bas sun ci kasuwa ne da abin da ya wuce araha. Irin su Rimbo da STM da Al Izza sun saba wa jama'a da lokaci tsayayye, tasha a cikin gari, sayen tikiti tun jiya, da karɓar kaya masu nauyi. Matafiyi ya san inda za shi da lokacin da zai tashi.

Ga kuma yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe sararin sama har a ɗage tashin jirgi ko a hana shi sauka. Mazaunin birni ya koma gida ya jira. Wanda ya taso daga Dakwaro ko Gure kuwa ya yi asarar kuɗin mota, ga masauki ya ƙaru. Saƙo guda ta wayar salula tun da dare zai iya hana wannan asara.

Filayen da ke ƙetaren iyaka

Mutanen Maraɗi da Damagaram suna da wata ƙofa. Katsina kimanin kilomita 90 take daga Maraɗi, Kano kuma kimanin 240 daga Damagaram. Kano tsohuwar mashigar jiragen sama ce, a can jirgi ya fara sauka a Najeriya a 1925, kuma alhazai da fatake sun daɗe da sanin hanyarta. Ga Badamagare mai nufin ƙasar waje, filin Malam Aminu Kano ya fi na Yamai kusa har ninki uku da wani abu.

Amma shekarar 2023 ta nuna raunin wannan dogaro. Bayan canjin mulki na 26 ga watan Yuli, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya rufe iyakoki, sararin saman Nijar ma ya kasance a rufe daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba. Ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya kuma aka buɗe ta a watan Maris. A tsawon waɗannan watanni ƙofar Kano ta toshe. Jihar da filin jirginta na gaske yake a wata ƙasa, makullin tafiyarta yana hannun wani.

Akwai kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, mai tsawon kilomita 284, wanda gwamnatin Najeriya ta aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Ranar da jirgin ƙasa ya fara shiga Maraɗi, zai iya kawo wa filin jirgin birnin fasinja, zai kuma iya kwashe su zuwa Kano. Abin da zai raba gardama shi ne tanadin da aka yi tun da wuri na haɗa tashar jirgin ƙasa, tashar mota da filin jirgin sama.

Masu cewa jirgi na masu hali ne

Wasu na cewa kuɗin da ake kashewa a filayen jirgi, da rijiyoyi da ɗakunan karatu aka yi da su da ya fi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, gama talaka ba ya sayen tikitin jirgi, albasar Galmi da waken Maraɗi kuma ba za su taɓa barin kamyo su hau jirgi ba, saboda nauyinsu ya fi kuɗinsu. Amma amfanin fili bai tsaya ga wanda ya zauna a kujera ba. Ta nan ake ɗaukar marar lafiyar da ba zai jure yini a mota ba. Ta nan likita ƙwararre zai zo daga Yamai ya yi aiki a asibitin Damagaram ko na Maraɗi ya koma, haka malamin da jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, waɗanda aka kafa a 2010, suke gayyata. Jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka fara aiki a ƙasar a 2008, a waɗannan filaye suka riƙa sauke ma'aikata. Maniyyaci tsoho kuma da zai tashi daga Yamai, kilomita 900 na mota ne ke gabansa kafin ya ga jirgin Makka.

An riga an kashe kuɗin. Asarar da ta fi kowace ita ce a bar fili mai kyau yana shan rana ba mai sauka.

Abin da ya rage a yi

Mafi yawan gyaran ba ya bukatar miliyoyi masu yawa. Na farko, ranakun tashin jirgi su tsaya, ko da kaɗan ne, a riƙa sanar da su a Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara cikin harsunan ƙasa. Jirgi 2 a mako da ba sa saɓawa sun fi 5 da ba a san ranarsu ba. Na biyu, magajin gari da ƙungiyar masu takisi da ta masu adaidaita su zauna su yanke farashi daga fili zuwa kowace unguwa, a rubuta shi a allo da Hausa da Faransanci a ƙofar fita. Na uku, a sa ƙaramar bas tsakanin babbar tasha da filin a ranakun jirgi, ta yadda mai zuwa daga gunduma zai sauka daga wannan mota ya hau waccan. Na huɗu, a sayar da tikiti a gundumomi ta hannun kamfanonin aika kuɗi da suka riga suka kai ko'ina, a kuma sanar da fasinja ta waya in an ɗage tafiya.

Na biyar ya shafi masu rabon filaye. Birane suna girma suna matsowa kusa da filayen jirgi. Gidan da aka bari aka gina a bakin hanyar saukar jirgi, gobe sai an biya diyya kafin a tsawaita ta. Shinge mai hana dabbobi shiga da iyaka sananniya sun fi rusau araha.

Na ƙarshe shi ne mafi tsada, kuma shi ne tushe: hanyoyin da suka haɗa gundumomi da manyan biranen jihohi. Kowane rami da aka cike tsakanin Tanut da Damagaram ko tsakanin Dakwaro da Maraɗi yana matso da filin jirgi kusa da jama'a, kuma ko wanda ba zai taɓa hawa jirgi ba yana cin moriyarsa ranar kasuwa. Gwamnoni da magadan gari da ma'aikatar sufuri kowa yana da nasa kaso a wannan aiki, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.