Lambar QR ba za ta fitar da yaro daga gonar riɗi ba

Buhun riɗi ko zoɓo da ya bar kasuwar Dawanau zuwa Japan ko Meziko ya bi ta hannun manomi, dillali da masu tsinta, kuma wasu daga cikin hannayen nan na yara ne. Rahoton ILO da UNICEF na 2025 ya ce yara miliyan 138 ne ke aikin da ya fi ƙarfinsu a duniya, kashi 61 cikin 100 a harkar noma.

Mu masu rubuta manhaja, da mun ji irin wannan sai mu ce a manna wa kowane buhu lambar QR. To, lambar za ta gaya maka ƙauyen da buhu ya fito, amma wa zai shigar da bayanin? Dillali. Shi kuwa ba zai taɓa danna "eh, yaro ne ya yi feshin" ya kashe wa kansa ciniki ba.

A ganina, amfanin waya a nan shi ne biyan kuɗi. A 2022 Nestlé ya fara biyan iyalan manoman koko a Kodebuwa har faran 500 na Suwizalan a shekara ta waya. Sa yara a makaranta na cikin sharuɗɗan, kuma rabin kuɗin uwargida ake tura wa. Mu ma muna da hanyar: daga nan Koki zuwa Kurmi, ba ka tafiyar minti biyar ba ka ga mai POS ba. A ƙauye, inda ƙaramar waya ta fi yawa, USSD ya isa.

Sannan kamfanoni su duba yadda suke biyan aikin tsinta. Idan da buhu ake biya, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba, dole uwa ta zaunar da 'ya'yanta su taya ta. A ƙara farashin, a tura kai tsaye asusunta, ba ta hannun ɗan tsakiya ba.

Ba yaron da ke raka mahaifinsa gona ranar Asabar nake nufi ba. Ina maganar wanda ke goye da tankin feshi ranar Talata da hantsi. Kano ta samu dokar kare yara a 2023, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar da ke sa manyan kamfanoni binciken masu kawo musu kaya a 2024. Tambayar za ta iso Dawanau, kuma rajistar makaranta da rasit ɗin biya za a nema.